Diyya Ba Ta Isa Ba, Sai Da Likita

Ran 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya a tsibirin Bikini, can cikin tekun Fasifik. Iska ta kwashi tokar ta zuba wa mutanen tsibirin Rongelap. Ƙunar fata da zubewar gashi suka zo nan da nan, amma ƙarin maƙogwaro bai fara bayyana ba sai a 1963, watau bayan shekara tara. A 1986 Amurka ta ware dala miliyan 150. Kotun diyya kuwa ta yanke fiye da dala biliyan 2, asusun ya ƙare, galibin kuɗin ba a biya ba.

To, jama'a, maganar ba ta yi nisa da gida ba. Tun 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit ta ƙasar Nijar, Hausawa da yawa kuwa sun ci abinci a ramukan nan. Da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021, sai aka sallami ma'aikata.

Duk ɗan ci-rani, na Sabon Ibadan ko na Nyanya, ya san sauran labarin. In aiki ya ƙare sai a koma gida. Can tari zai sami mutum bayan shekara goma, kuɗin sallama sun daɗe da ƙarewa, ba kuma wanda zai danganta ciwon da rami.

Ya kamata a rubuta sunan kowa, har leburorin 'yan kwangila, a ba shi kati, likita ya riƙa duba shi kowace shekara muddin ransa, ko a Maraɗi yake ko a Damagaram. Kamfanin da ya kwashi arzikin shi zai biya.