Wa Ya Tsaya Masa?

'Yan'uwa, wanda ya taɓa sayen sa a kasuwar Mai'adua ya san ba a ciniki da baƙo kai tsaye. Dillali ne a tsakani. Idan daga baya aka gano dabbar ta sata ce, wurin dillalin za a koma, domin an san gidansa, kuma kasuwa mai zuwa ma yana nan a kara. Haka uwar adashi a Zumuntar Mata: ana zuba mata kuɗi ne don an san ƙofarta, an san bencin da take zama ran Lahadi.

Wayar hannu ta zo da cinikin da babu mai tsayawa a cikinsa. MMM, wadda Sergei Mavrodi ɗan Rasha ya kafa, ta shigo Najeriya a 2015. Takan haɗa mutum biyu da ba su san juna ba, wannan ya tura wa wancan kuɗi a asusunsa da sunan taimako, da alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata. Wanda ya kawo sabon mutum yana da nasa kason. Ran 13 ga Disamba 2016, ana shirin Kirsimeti, aka rufe cire kuɗi. Hukumar NDIC ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta bi sahu.

Abin da ke damunmu shi ne hanyar da irin wannan ke bi ya shigo mana. Ikilisiyoyinmu a Daura, Zango, Sandamu da Baure ƙanana ne. Da yawa cikinmu aiki ne ko karatu ko bautar ƙasa ya kawo su, dangi na nesa, ikilisiya ce danginsu. Idan dattijo ya tura saƙo a zauren WhatsApp na zumunta, ba mai binciken kamfanin, sunan dattijon ake gani. Sau da yawa shi ɗin ba macuci ba ne. Da gaske an biya shi, har ya nuna alat a matsayin shaida. Bai dai san kuɗin gwauruwar da ta shiga bayansa aka ba shi ba. In kuwa ya ja maƙwabcinsa Musulmi ya shiga, ranar da abin ya rushe ba sunansa kaɗai za a ambata a unguwa ba, har da na majami'ar.

Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su tsai da magana ɗaya: ba tallan zuba jari a sanarwar sujada ko a zauren zumunta. Wanda ya kawo wa ɗan'uwa irin wannan a gefe, ya faɗa masa nawa ne la'adarsa. Takardar CAC rajistar suna ce kawai. Izinin karɓar jarin jama'a na hukumar SEC ne, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu irin wannan harka.

Akwai kuma waɗanda suka daina zuwa sujada tun bayan CBEX, wasu don kunya, wasu don ba sa so su haɗa ido da wanda ya shigar da su. Dattawa su je musu har gida, su zaunar da su biyun, a ji nawa aka zuba, nawa mai kawowar ya karɓa, da abin da zai iya mayarwa kafin girbi.