Manyan 'Yan Makaranta Da Harshen Tamil A Singafo

Jama'a, yau muna so mu kai ku tsibirin Singafo, mu duba wani abu da ke damun malaman Tamil can. Mu ma malanta mu ke koyo, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Tamil harshe ne na kudancin Indiya da arewacin Sirilanka, yana kuwa cikin harsuna huɗu na hukuma a Singafo. Tun 1966 aka wajabta wa ko wane yaro ya koyi Turanci da harshen iyayensa. To, ga doka, ga malamai, ga jaridar Tamil Murasu tana fitowa tun 1935, amma duk da haka harshen sai ja da baya ya ke yi cikin gidaje. Ƙidayar 2010 ta nuna cikin ko wane ɗari na Indiyawan ƙasar wajen 37 ke yin Tamil a gida. Da aka sake ƙidaya a 2020 sai aka tarar sun koma wajen 27.

Ƙaramin yaro ba shi da wuya. Da waƙa da tatsuniya sai a bi da shi har ya haddace haruffan nan 247, yana murna. Wuyar tana ga mai shekara 15 zuwa 18, wanda ya fara auna ko wane darasi da abin da zai samu gare shi. Ga ka'idar can, wanda ya ci Tamil mai zurfi a jarrabawar ƙarshen sakandare an ɗauke masa karatun harshen cikin shekara biyun nan na shirin jami'a. Ashe ba abin mamaki ba ne in yaro ya dage ya ci domin ya rabu da shi, ba domin yana sonsa ba.

A ganinmu, tushen ciwon shi ne Tamil iri biyu ne. Akwai na littafi, akwai na baka, tsakaninsu kuwa da nisa. Mai cewa "ina tafiya" a littafi "pokiren" zai rubuta, amma a kasuwa "poren" zai ce. Shekaru da yawa na littafin kaɗai a ke yi a aji, yaran da babu mai yi musu Tamil a gida suka tashi da harshen da ba su iya ko tayin kifi da shi. In sun buɗe baki a yi musu dariya, sai su koma Turanci. A 2005 wani kwamiti na Ma'aikatar Ilmi ya ba da shawara a shigo da na baka cikin aji. Mun ce madalla.

Waɗansu dattawa suna ganin wannan ɓata harshen magabata ne. Muna girmama su, amma ba mu yarda ba. Wanda bai iya hira da kakarsa ba, yaushe zai zauna da Tirukkural, littafin hikimar nan mai baiti 1,330? A bar hadda haka nan. Littafin ya yi magana kan abota da sarauta da soyayya, watau abubuwan da samari ke gardama a kai ko ba malami. A ba su baiti guda, a raba su gida biyu, su yi muhawara da harshen da su ke jin daɗinsa. Haka kuma sinimar Cennai da su ke kallo da ma, me zai hana a sa su rubuta hukuncinsu a kanta, a aika wa jarida?

Kayan aiki kam akwai. Akwai cibiyar koyar da Tamil mai sunan Umar Pulavar, mawaƙin nan Musulmi da ya tsara tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cikin waƙar Tamil. Akwai kuma bikin harshen da a ke yi cikin Afrilu. Sai dai biki na wata guda ne, shekara kuwa wata goma sha biyu ce. Da mu ne, da manyan yaran nan za mu danƙa wa shirya wasannin bikin da mujallar makaranta tun daga Janairu, malami ya koma gefe yana gyaran kuskure in an tambaye shi.