Wayar Gyaran Haƙora: Ba Kowane Baki Ya Kamata A Sa Wa Ba

A shekarun baya, idan aka ga ƙarfe yana walƙiya a bakin mutum a Kaduna, ba sai an yi tambaya ba: haƙorin Makka ne, mai shi ya sauke farali. Yanzu kuwa wani ƙarfen ya shigo gari. Duk wanda ya tsaya a ƙofar makarantar sakandare a Malali ko Unguwar Rimi lokacin tashi, zai iya cin karo da ɗalibin da siririyar waya ta ratsa haƙoransa daga wannan kunci zuwa wancan. Aikin wayar shi ne ta riƙa jan haƙoran da suka fito a karkace, sannu a hankali, har su jeru. Magani ne na gaskiya, kuma yana aiki. Sai dai akan sami iyayen da ransu ke ɓaci idan likita ya duba bakin yaro ya ce ba zai sa wayar ba sai an gyara tsabta tukuna. Wannan likita shi ke da gaskiya, kuma hujjarsa tana cikin ilimin halittu.

A shekarar 1683, wani mutumin ƙasar Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya kankaro farin dattin da ke tsakanin haƙoransa, ya duba shi da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna motsi. Su ne bakteriya. A yau an san ire-irensu kimanin 700 da ke iya zama a bakin ɗan Adam. Wannan datti kuwa ba ragowar tuwo ba ne kamar yadda ake zato. Mintoci kaɗan bayan an goge haƙori, yawu yakan shafa masa wani siririn rufi. A kan rufin nan bakteriya na farko ke maƙalewa, su hayayyafa, su fitar da wani abu mai yauƙi da zai riƙe su, sannan wasu su zo su hau kansu. Wanda ya taɓa wanke randar da ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, ya san santsin da ke kama cikinta. Kurkure ba ya fitar da shi, sai an sa soso. Haka dattin haƙori yake.

A bakin da babu waya, harshe da leɓe da yawu suna share fuskar haƙori dare da rana. Da zarar an manna ƙananan ƙarafa a kan haƙora, aka zura waya, aka ɗaure ta da zoben roba, an gina wa bakteriya lunguna da yawa waɗanda harshe ba ya kai wa. Ita kanta wayar, ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce ko ta gamin nikel da titaniyam, ido ne kawai ke ganin ta sumul. Ƙwayar bakteriya ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba, saboda haka 'yar tsagar da ido ba ya gani, a wurinta kwari ce mai kāre ta daga buroshi. Daɗin daɗawa, wayar na ƙara kaushi gwargwadon daɗewarta a baki, zoben roba kuma ya fi ɗaurin ƙarfe tara ƙwayoyin.

Ɓarnar tana farawa ne idan sukari ya shigo. Wasu bakteriya, musamman Streptococcus mutans wadda J. Kilian Clarke ya bayyana a 1924, suna cin sukari su fitar da asid. Cikin 'yan mintoci ma'aunin pH na dattin yakan faɗi ƙasa da 5.5, inda farin ɓawon haƙori ke fara narkewa, kuma yawu na buƙatar rabin sa'a ko fiye kafin ya mayar da al'amura daidai. Ɗalibar da ta sha shayi mai sukari da safe, ta tsotsi alawa a aji, ta ci tuwon madara lokacin tara, ta bi da lemon kwalba a hanyar Kawo, ba ta bar wa yawunta sararin yin gyara ba. Yawan lokutan da ake cin zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa illa. A ƙarƙashin irin wannan datti, farin tabo mai kama da alli na iya bayyana cikin mako huɗu kacal, alhali wayar takan zauna shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ranar da aka cire ta sai a ga haƙora sun jeru reras, amma kowanne da zanen tabo a kewayen inda ƙarfe ya zauna. Wani tabon ba ya gushewa. Kafin nan ma dasashi ya kumbura, yana jini, baki yana wari.

Wani zai ce ai Bahaushe yana da asuwaki. Gaskiya ne, kuma asuwaki abu ne mai amfani ga haƙorin da fuskarsa take a buɗe. Amma ba ya shiga ƙarƙashin waya, tsinken sakace kuwa yana iya lanƙwasa ta. Mai waya yana buƙatar buroshi mai laushi, man goge baki mai sinadarin fuloraid, da ɗan siririn buroshin da ake zurawa tsakanin waya da haƙori, bayan kowane cin abinci, musamman kafin barci, lokacin da yawu ke raguwa. Rake da kilishi da ƙashin kaza kuwa sai haƙuri. Yaron da tun kafin waya sai an yi masa tsawa yake goge baki sau ɗaya a yini, ba kuɗin mahaifinsa ne zai sauya shi ba. Jinkirta masa wayar na wata uku, har ya nuna zai iya, ya fi masa alheri.

Mafi muni ita ce wayar ado da ake talla a kafafen sada zumunta, wadda wanda ba likita ba ke liƙa wa masu lafiyayyun haƙora don kwalliya. Tana tara datti daidai da ta asibiti, tana iya gusar da haƙoran da ba su da laifi, kuma babu mai duba ta duk bayan 'yan makonni. Mai son sanin ko haƙoransa na buƙatar gyara, sashen haƙori na asibiti irin Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ne wurin tambaya. Wushirya ma, wadda kakanni suka ɗauka ado, ba cuta ba ce da za a ruga a rufe.

Makarantu na da rawar takawa, musamman na kwana. Ɗalibin da ya nemi minti biyar da kofin ruwa bayan abincin rana don ya goge wayarsa, bai kamata a ɗauke shi mai iyayi ba. Malamin ilimin halittu kuma yana iya neman ƙwayar rini ta musamman daga likitan haƙori, wadda idan an tauna take rina dattin ja ko shuɗi. Ɗalibai su goge baki yadda suka saba, su tauna, sannan a miƙa musu madubi.