Filin Noma da Kiwo: Garmani Yana Cinye Burtali

Duk wanda ya bi burtali da damana a ƙasar Gaya ya san garmani. Haki ne mai tsawo, yakan kai ƙugun mutum. Ganyensa yana da gashi mai laushi, furensa rawaya ne. Daga nesa sai a ce kiwo ya yi kyau. Amma saniya takan ratsa shi ta fita da yunwa, don bisashe ba su son cinsa ɗanye.

Ina garmani yake so? Yana son ƙasa mai rairayi wadda ta gaji. Yana son wurin da bisashe suka tattake: bakin rijiya, bakin tabki, makwantar shanu, da burtali. Gaya tana samun ruwan sama kusan milimita 800 a shekara, fiye da sauran sassan Nijar. Duk da haka, inda kiwo ya yi yawa ƙasa takan zama fili. Nan garmani yake kafa gida.

Yaya yake yaɗuwa? Gindi ɗaya yana zuba ƴaƴa masu yawa. Ƴaƴan suna bin kofato da gashin bisashe da ruwa mai gudu. Idan ya yi kauri, inuwarsa tana hana gamba da kyasuwa tsirowa.

Ga inda haɗarin yake. Idan garmani ya cika burtali, garke ba ya samun abin ci a hanya. Sai ya karkata cikin gonar hatsi. Daga nan ɓarna, daga ɓarna rigima. Ashe garmani ba abokin gābar makiyayi kaɗai ba ne, har da manomi.

To, mene ne magani?

1. A tuge shi da saiwa tun ƙasa tana da laima, kafin ya yi fure. Sara kaɗai ba ta isa ba, yakan sake tohowa.
2. Wanda ya riga ya yi ƴaƴa, a tara shi wuri ɗaya a ƙone, a kula da wutar daji.
3. Kada a bar wurin fili. A watsa irin kyasuwa, a dasa gamba.
4. A hutar da wurin har ciyawa ta kama.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Maigari da ardo su sa rana, manoma da makiyaya su fito gayya, a nemi shawarar ma'aikatan gona da na kiwo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.