Kayan Nijar a Teku: Daga Kwatano Zuwa Lome, Wa Ke Biyan Kuɗin Zagaye?

Duk wanda ya san garin Gaya na Jihar Dosso kafin shekarar 2023, ya san gari ne da ba ya barci. Dare da rana tireloli ne jere a kan gadar da ta ratsa Kogin Kwara, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira Kogin Isa, suna fitowa daga Malanbil ta ƙasar Benin ɗauke da shinkafa da sukari da man girki da atamfa da gwanjo, ga kuma ayarin motocin nan da muke kira 'yan Kwatano. Kusan dukkan wannan kaya ta teku ya zo, aka sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda aka ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na kayan da Nijar ke shigowa da su a wancan lokaci ta nan suke bi.

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 26 ga Yulin 2023 ne sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Kwanaki huɗu bayan nan ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin ta datse gadar, ta kuma dakatar da fitar da kayan Nijar daga tasharta. A ƙarshen Disambar wannan shekara Benin ta janye hanin da ta yi a tashar, sannan a ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin a taronta na Abuja. Benin ta buɗe nata ɓangaren gadar. To, amma sai mahukuntan Yamai suka ce a kai kasuwa, suna zargin maƙwabciyar tasu da ba sojojin Faransa mafaka, zargin da gwamnatin Patrice Talon ta musanta. Har shekarar 2025 ta ƙare ba a ga tirela ta hau wannan gada ba.

Domin a gane girman abin da ya faru, ya kamata a san yadda wannan sana'a take. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya sayi kaya a Sin ko Dubai, a kwantena ake zuba masa, mai ƙafa 20 ko mai ƙafa 40, kamfanin jirgi irin su Maersk ko MSC ko CMA CGM ya ba shi takardar shaidar lodi wadda idan babu ita ba za a sakar masa kayan ba. Daga Sin zuwa gaɓar Afirka ta Yamma jirgi kan yi wata guda ko wata ɗaya da rabi a ruwa, kuma tun kafin ya tashi mai kaya ya san nawa zai biya. Wahalar sai jirgi ya iso take farawa. Kwantenar ba ta ɗan kasuwa ba ce, aro ce. Kamfani kan ba shi wasu 'yan kwanaki kyauta ya kai kayansa gida ya dawo da ita, idan wa'adin ya wuce sai a shiga lissafa masa tara kullum, ban da kuɗin ajiya da hukumar tasha ke karɓa, ban da kuma kuɗin jingina da yake ajiyewa kafin a bar shi ya fita da ita. Shi ya sa da yawa suka gwammace a farke kwantenar tun a tasha a juye kayan a buɗaɗɗiyar mota, ko da kuwa ruwan sama da ɓarayin hanya za su taɓa wani abu. A taƙaice, a harkar jigilar teku kwana shi ne kuɗi.

Wannan ne ya sa komawa tashar Lome ta ƙasar Togo bai zama sauƙi ba, duk da cewa Lome ta fi Kwatano zurfin ruwa, manyan jirage na iya tsayawa a cikinta. Daga Kwatano zuwa Yamai kilomita dubu ne da 'yan kai, ta Paraku da Kandi da Malanbil da Dosso, kuma iyaka ɗaya ake tsallakewa. Daga Lome kuwa sai mota ta ratsa Togo gaba ɗaya ta shiga Burkina Faso, kuma saboda 'yan bindiga sun addabi hanyar Fada Ngurma, sai aka koma zagayawa ta Kaya da Dori a shigo ta Tera. Ba a tafiya sai an tara ɗaruruwan motoci sojoji sun yi musu rakiya. Tafiyar da a da ba ta wuce 'yan kwanaki ba ta koma ta makonni, wani lokaci fiye da wata, kuma an sha kai wa ayarin hari, direbobi sun rasa rayukansu. Mai mota ya ƙara kuɗi, kamfanin jirgi na lissafa tararsa, ɗan kasuwa kuma ba zai ɗauki asarar shi kaɗai ba. A kan mudun shinkafa ake fanshewa. Duk lokacin da muka buɗe layi a gidan rediyonmu kan tsadar rayuwa, da wuya a tashi ba a ambaci wannan gada ba.

Wani abin mamaki shi ne, an rufe wa shinkafa hanya amma ba a rufe wa man fetur ba. Bututun da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa, mai tsawon kusan kilomita 2,000, daga Agadem a Jihar Diffa yake tasowa ya ƙare a Seme, gab da Kwatano. A watan Mayun 2024 Shugaba Talon ya hana lodin man, yana cewa ba za a rufe masa iyaka kuma a riƙa amfani da tekunsa ba. Sinawa suka shiga tsakani jirgin farko ya tashi. A watan Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar man, Yamai ta rufe famfo, har tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka je Yamai neman sulhu. Kafin shekarar ta ƙare mai ya ci gaba da kwarara. Ashe idan kuɗin na baitulmali ne ana iya samun mafita. Shi kuwa ƙaramin ɗan kasuwa sai ya koma ga kwalekwale, ana tsallaka masa buhu-buhu a kan kogi, yana biyan 'yan dako sau biyu.

A ganina kowane ɓangare yana da laifinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba ƙasashen da ba su da gaɓa 'yancin kai wa ga teku, saboda haka tsare kayan abinci da magani a tasha don a hukunta sojoji kuskure ne, domin ba su ne suka ji a jikinsu ba. Amma bayan an buɗe, ci gaba da rufewar ya zama Nijar ce ke matse kanta. Benin ma ba ta tsira ba: tasha ce babbar saniyar tatsarta, kuma direbobi da 'yan dako da masu fitar da kaya daga kwastan da masu abinci a Paraku da Malanbil duk da kayan Nijar suke rayuwa.

Mu ma a nan Arewa abin ya shafe mu. Ba sirri ba ne cewa kaso mai tsoka na kayan da ake rubuta wa Nijar a Kwatano a kasuwannin Kano da Katsina da Sakkwato yake ƙarewa, ta Jibiya da Illela. Wannan ne ma ya sa gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta ƙasa daga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020.

Tambayar da ta rage ita ce, me ya hana Nijeriya cin gajiyar wannan giɓi? Tana da Apapa da Tin Can, ta buɗe tashar Lekki mai zurfi da tashar tsandauri ta Dala a Kano a Janairun 2023, ta aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021, kuma iyakarta da Nijar ta sake buɗewa a watan Maris na 2024. Maraɗi ta fi kusa da Kano nesa ba kusa ba a kan Yamai. Duk da haka ɗan kasuwar Nijar ya zaɓi ya bi ta Dori da rakiyar soja. Dalilin shi ne lissafin kwanaki: jinkirin takardu a Legas, cunkoson Apapa, shingayen jami'ai daga kudu har Jibiya, da farashin Naira da ke hawa da sauka alhali shi da Sefa yake ciniki a Lome kamar yadda yake yi a gida. Duk ranar da kwantena za ta iya barin Legas ta isa Dala a jirgin ƙasa cikin kwanakin da kamfanin jirgi ke bayarwa kyauta, su alhazan Maraɗi za su fara kawo takardunsu da kansu.