Gubar dalma: Ina amfanin ƙananan na'urorin gwaji?

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau.

Sai da aka aika da jinin yaran ƙasar waje kafin aka tabbatar cewa gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 sun rasu.

Irin wannan jinkiri ne ya sa masana kimiyyar harhaɗa sinadarai suka duƙufa wajen ƙera na'urorin da za a iya kai wa ƙauye.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada dalma ta wuce mikrogiram 10 a kowace lita ta ruwan sha, wato giram 10 a cikin lita miliyan ɗaya. Ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ɗanɗanonta.

Wasu na'urorin na amfani da lantarki ne: su tara ƙarfen da ya narke a ruwa kan wani ɗan tsinke, sannan su sake shi, ƙarfin lantarkin da ya fito shi ke nuna yawansa. Wasu kuma takarda ce kawai mai sauya launi. A Zamfara an auna ƙasa da wata na'urar hannu mai haska ta, aka samu wuraren da dalma ta haura kashi 10 cikin 100.

To amma akwai matsaloli. Na'urar LeadCare II da aka auna jinin yaran da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce mikrogiram 65 a kowace desilita, alhali yara da dama sun zarce haka nesa ba kusa ba. Haka nan tagulla da sauran ƙarafa kan rikita sakamako.

A Bangladesh, inda aka gwada miliyoyin rijiyoyin burtsatse saboda gubar arsenik, ana shafa wa gurɓatattu jan fenti, masu kyau kuma kore, bincike ya nuna daga baya cewa kayan gwajin farko sun yi kuskure a rijiyoyi da yawa. Don haka har yanzu ana buƙatar babban ɗakin gwaji domin tabbatarwa.

Sai dai babbar tambayar ita ce wa zai riƙa yin gwajin, kuma wa zai biya. An san ƙauyen Bagega ya gurɓace tun 2010, amma sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar, bayan dogon jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya.

A 2015 kuma gubar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka mutu. Nan ma mutuwar yara ce ta fara sanar da hukumomi, ba gwajin ƙasa ko ruwa ba.