Kayan aro ba ya rufe katara, balle yatsa

1/ Tun shekaranjiya ake ta turo min bidiyon nan na Turawan da suka sha sulke suna jibgar juna da gatari a cikin shingen katako. Mutum bakwai suka turo, har da Yaya Babba, kuma kowa tambayarsa ɗaya: "Wai wannan ne abin da kake yi a can?" E, shi ne. Sunansa buhurt. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina yin sa a nan Gdansk ta ƙasar Foland inda nake karatu, kuma yanzu haka da hannun hagu nake danna waya. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Na karanta abin da kuke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. Wasu sun ce hauka ne, wasu sun ce shiri ne irin na resilin. Duk ba haka ba ne, zan zo kai. Amma bari in fara da ra'ayina don kada wani ya gaji a hanya: duk kulob ɗin da ya jefa sabon ɗan wasa cikin gasa da sulken da ba a jikinsa aka auna ba, ya cuce shi. Ko da yaron ne ya roƙa da bakinsa. Ni ma da bakina na roƙa.

3/ Kalmar buhurt daga tsohon Faransanci ta fito, sunan gwabzawar da mayaƙan Turai ke yi a taron gasa ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Wasan na yanzu kuwa a Rasha da maƙwabtanta ya taso. A 2010 aka yi babbar gasar ƙasa da ƙasa ta farko, Battle of the Nations, a ganuwar Khotyn ta Yukren, ƙasashe huɗu kacal: Rasha, Yukren, Belarus da Foland. A 2014 wata ƙungiyar daban, IMCF, ta fara tata gasar a Belmonte ta Sifaniya. Ta 2015 a Malbork aka yi, nan kusa da mu, bai kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ba.

4/ Masu cewa shiri ne, ina jin da wani abu kuke haɗa shi. Duk watan Yuli a nan Foland ana kwaikwayon yaƙin Grunwald na 1410, kuma kafin a fara kowa ya san wanda zai yi nasara, don tarihi ya riga ya faɗa. Wancan wasan kwaikwayo ne, mai kyau ma kuwa. A buhurt ba wanda ya san komai. Ƙarfen na gaske ne, an dai dakusar da bakinsa, kuma da iya ƙarfin mutum ake kai shi.

5/ Dokar da sauƙi. Biyar da biyar ne aka fi yi. Ƙafafunka biyu kaɗai aka yarda su taɓa ƙasa. Gwiwa ta taɓa, ko hannu, ko ka zauna daɓas, ka fita, sai ka tsaya inda ka faɗi har a gama. Sara ya halatta, suka haramun ne (mutanen Bauchi, kun ji, sara babu suka). Ba a dukan ƙeya, ba a dukan bayan gwiwa, ba a dukan gaban mutum, ba a taɓa wanda ya riga ya faɗi. In ya rage mutum uku a kan ɗaya, alƙali ya tsayar.

6/ Wato rabin wasan kokawa ce. Wanda ya taso yana kokawa a dandali zai fi ɗan fim ɗin takobi amfani a nan nesa ba kusa ba.

7/ Wata uku na farko ko takobi ba a ba ni ba. Gudu, ɗaukar nauyi, dukan tayar mota da sanda har kafaɗa ta daina jin magana, sai koyon faɗuwa. Daga nan aka koma kayan soso. Na zo ne da tunanin zan zama jarumin fim, na ɓuge da jan taya a filin ajiye motoci cikin sanyin Janairu.

8/ Ranar da na fara saka cikakken sulke ba zan manta ba. Da farko riga mai kauri da aka cusa wa auduga, sai ƙarfen ƙafa, na ƙirji, na hannu, kwalkwali a ƙarshe. Wanda aka ara min mun ɗora a sikeli, kilo 28. Nauyin bai dame ni kamar kwalkwalin ba. Duniya gaba ɗaya ta koma 'yar tsaga kamar bakin asusu. Ba ka ganin ƙafarka, ba ka ganin gefe, numfashin da ka fitar shi kake sake shaƙa. Minti ɗaya a ciki sai ka rantse an yi la'asar. Warin rigar aro kuwa, wadda mutum goma suka yi gumi a ciki, wannan sai dai mu bar shi.

9/ Wani abu da na so: ni kaɗai ne baƙar fata a kulob ɗin, a tiram ana kallona, a kanti ana kallona. Da na rufe kwalkwali shi ke nan, ni ma gwangwani ne kamar kowa, kuma daidai da na kowa ake dukana.

10/ Wani ya rubuta wai Turawa ne da ba su da aikin yi. Malam, rigar audugar nan da ake sawa a ƙarƙashin ƙarfe, ranar da na fara ganinta dariya na yi, don lifidi ce sak. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke, wajen 1390 zuwa 1410, kusan lokaci ɗaya da yaƙin Grunwald ɗin da na ambata. Har gobe 'yan lifida da 'yan sulke na fitowa a hawan Sallah, muna tsayawa cikin rana muna tafi. Namu ya koma ado, su sun mayar da nasu wasan motsa jiki, kowa da yadda ya riƙe kayan kakanninsa.

11/ To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sulke tsada gare shi. Cikakken saiti mai kyau, kuɗin da aka faɗa min ya fi kuɗin hayar ɗakina na wata shida. Kuma ba a shiga kanti a ɗauko, maƙeri ne zai karɓi awon jikinka ya ƙera, ka yi watanni kana jira. Shi ya sa kulob ɗinmu ke da kayan aro: kwalkwalin wanda ya daina, ƙarfen ƙafar wanda ya yi ƙiba, safar hannun wanda ya sayi sabuwa. Da su na koya, kuma ina godiya.

12/ Ƙarshen watan Mayu, daren Alhamis, saƙo ya shigo gurup: mutum ɗaya ya kwanta rashin lafiya, ga gasa ranar Asabar, in ba a cika biyar ba tafiya ta fasa. Ban ko gama karantawa ba na rubuta "ni". Kyaftin ya ce kayanka fa? Na ce na aro sun ishe ni. Ya yi shiru kamar minti biyu, sannan ya turo alamar babban yatsa. Minti biyun nan su ne dalilin wannan zaren. Ya san amsar da ta dace, ni ma na sani.

13/ Safar ƙarfen da aka ba ni ta wani ƙato ce da ya fi ni tsawo da kai guda. Ku fahimci yadda take aiki. Safa mai kyau kamar ƙoƙo take, in ka damƙe ƙotar makami gefen ƙarfen yana sauka ya zauna a kan ƙotar. Aka kawo sara, ƙarfin ya bi ta ƙarfe ya wuce cikin ƙota, yatsunka na ciki lafiya lau kamar kunkuru a ƙoƙonsa. In ta yi maka yawa, hannunka yana yawo a ciki, gefen ba ya zama inda ya kamata. Sai yatsunka su zama su ne matashin da ƙarfen zai sauka a kai.

14/ Na san wannan tun kafin in tafi. Na cusa safar ƙafa biyu a ciki na ce ta yi.

15/ An duba kayanmu kafin a fara, kamar yadda ake yi. An duba bakin makamai, an ja maɗaurin kwalkwali, an tabbatar ba inda fata ta fito, an kuma duba ko kayan sun dace da zamani ɗaya a tarihi, don ba a yarda ka haɗa kan wani ƙarni da ƙafar wani ba. Na wuce sumul. Ba wanda ya ce damƙe takobin nan in gani. Ban ga laifin mai dubawar ba sosai, mutum nawa ne a layi, kuma daga waje safar ba ta da aibu.

16/ Karon farko wallahi ya yi daɗi. Na daɗe a tsaye, na rungume wani a jikin shinge har abokina ya zo ya kwashe masa ƙafa. Ƙarar faɗuwar mutum cikin sulke kamar an watsar da tukwanen gidan biki ne. Na ji 'yan kallo suna ihu, na ce yau dai na zama mutum.

17/ Karo na uku wani mai gatari mai doguwar ƙota ya same ni a hannun dama. Sara ne na halal, ba shi da laifin komai. Ban ma ji zafi ba, na dai ga takobina a ƙasa ina mamakin wa ya yar da shi. Sai da aka gama aka zare safar. Ɗan manuni da na tsakiya sun kalli wata unguwa daban. Mai gatarin ne ya fara zuwa, ya cire kwalkwali, ashe wani dattijo ne mai furfura. Ya ɗaga safar, ya juya ta, ya kalli hannuna, ya tambaya da Turanci: ta waye? Na ce ta aro ce. Bai ce min komai ba, kyaftin ɗinmu ya juya ya kalla.

18/ Karaya biyu, ɗaya sai da aka saka waya. Saura sati uku jarrabawa, ni kuma injiniyanci nake karanta, da dama nake rubutu da zane. Kwas biyu na ɗage zuwa zagaye na biyu a Satumba. In na faɗi su, maganar ta wuce yatsa, don takardar zamana a ƙasar nan a kan karatu ta dogara, kuma na san abin da aka sayar a gida kafin a biya kuɗin shekarar nan.

19/ Umma na ce mata daga keke na faɗo. Ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, ka riƙa duba gabanka." Yaya Babba, na san kana karantawa. Don girman Allah ka bari ni zan faɗa mata da kaina ranar Juma'a.

20/ Na san abin da 'yan wasan za su ce, don sun riga sun faɗa min. In aka hana gasa da kayan aro, wasan ya zama na masu kuɗi, ɗalibi irina ba zai taɓa shiga fili ba. Maganar tana da nauyi, ni ta fi shafa ma. Amma a wajen atisaye abokinka ne ke dukanka, ya san kayanka na aro ne, yana sassautawa, in ka ɗaga hannu ya tsaya. A gasa wanda ke gabanka bai san ka ba. Ya ga ƙarfe, ya yarda cewa ƙarfen zai yi aikinsa, shi ya sa ya saki hannu. Kowa na duka da ƙarfi ne bisa amanar cewa na gabansa a rufe yake. Na shiga da safar da na san ba ta rufe ni ba, na sa bawan Allah ya karya yaron da ya yi jika da shi. Har yau yana turo min saƙo yana tambayar hannun.

21/ Kuma ban ce sai ka mallaki komai ba. Ƙarfen ƙirji na aro, in ya ɗan yi yawa, a ja maɗauri. Amma kwalkwali da safa, kai da hannu, waɗannan su zama naka ko a bar ka a benci. Kwalkwalin da ya yi maka yawa yana juyawa in an doke shi, tsagar ganin ta koma wajen kunne, ka tsaya makaho a tsakiyar mutum tara masu makami. Nawa ma ya ɗan juya a karo na biyu, na gyara da garkuwa na ci gaba. Da saran nan a kai ya sauka, Allah kaɗai ya san wanda zai rubuta wannan zaren.

22/ Wasu kuma sun ce ai ni baligi ne, ni na zaɓa. Haka ne, kaso mafi yawa na laifin nawa ne. Amma ɗan shekara 22 da ya yi shekara ɗaya da rabi yana jan taya yana jiran ranar nan, ka tambaye shi ko ya shirya, me kake tsammanin zai ce? Amfanin kyaftin ke nan, ya ce a'a a lokacin da kai ba za ka iya ce wa kanka ba. Namu mutumin kirki ne, shi ya kai ni asibiti ya zauna har ƙarfe biyun dare. Ya dai fi son a cika biyar a daren Alhamis ɗin nan.

23/ Masu tambaya ko na daina: ban daina ba. Ina zuwa atisaye ina riƙe wa mutane ruwa da hagu. Na fara aikin wanke-wanke a wani gidan abinci ranakun Asabar, da zarar an cire wayar zan ƙara kwana ɗaya. Na yi magana da wani maƙeri a Yukren kan safa, ya ce in ɗora hannuna a takarda in zagaye shi da biro in turo masa, da awon kowane yatsa. Na yi jiya na tura. Ya dawo min da amsa cewa in jira kumburin ya sauka tukuna, in ba haka ba wannan ma za ta yi min yawa.